Bututu, Kunama da Ƙota: Tarihin da ke Jikin Bindigar Kakana

A zauren gidanmu da ke Tsanyawa, sama da ƙofar shiga cikin gida, akwai wata tsohuwar bindigar toka a rataye kan ƙusoshi biyu. Tun da na yi wayo nake ganinta a wurin, ban kuma taɓa jin ƙararta ba, domin tsatsa ta cinye kafar wutarta tun kafin a haife ni. Ta kakana ce, shi ma gadonta ya yi daga mahaifinsa. 'Yar Ingila ake ce mata a gidanmu, saboda a jikin ƙarfen da ke riƙe da kunamarta an buga hoton kambi, kusa da shi kuma an rubuta TOWER da baƙaƙen boko. Da wannan suna na tashi, ban taɓa zaton akwai abin tambaya a cikinsa ba.

Bayan rasuwar kakana da 'yan watanni, wani dillalin tsofaffin kaya ya zo daga Kano, ya sauke bindigar, ya jujjuya ta, ya ce zai sayi gidan kunamar kaɗai, mu riƙe sauran. Kuɗin da ya ambata sun isa sayen takin damina guda. Baffana ya ce a sayar, tunda ƙarfe ne da ba ya harbi ba ya noma. Mahaifina ya ce ba za a yi wa abin gado gunduwa-gunduwa ba. Da gardamar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai Baffa ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, ga aikinka. Je ka bincika mana, a jikin abin nan ina darajar take?"

Na ɗebi toka da man gyaɗa na zauna ina goge gindin bututun. Da dattin shekaru ya fita sai wasu ƙananan baƙaƙe uku suka bayyana, E da L da G, a cikin zagaye mai siffar ƙwai. Wannan hatimin gidan gwajin bindigogi ne na birnin Liyej da ke ƙasar Beljiyam. Da na kwance gidan kunamar, na tarar da sifirin ɗin da ke ciki ɗauke da sawun masaba da magagari irin na maƙeranmu. Ƙotar kuwa ta maɗaci ce, sassaƙar gida. Ashe 'yar Ingilarmu haɗin gambiza ce ta hannuwa da dama, waɗanda masu su ba su taɓa ganin juna ba. Wannan maƙala ƙoƙari ne na auna aikin kowane hannu a cikinsu, da gano abin da tarihin ƙasar Kano ya koya mana game da darajar abin da aka ƙera.

Yadda bindiga ta iso mana

Bindiga ta daɗe da sanin hanyar ƙasar Hausa, amma ta jima tana zaman baƙunta. A Barno, Mai Idris Aloma ya samo 'yan bindiga Turkawa a ƙarshen ƙarni na 16, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Furtu ya rubuta. Littafin Tarihin Kano ya ambaci shigowar bindigogi ta ƙasar Nupe a zamanin Sarki Kumbari (1731–1743), ya kuma nuna cewa Babba Zaki (1768–1776) ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. Duk da haka, a 1826, lokacin da Bature Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye Gobirawa, mayaƙa dubbai ya gani, bindigogin cikinsu kuwa 'yan gomomi ne. Doki da takobi da baka su ne ke da filin daga.

Dalilin wannan ƙaranci yana ga hanya. Masanin tarihi Joseph Inikori ya ƙiyasta cewa tsakanin 1750 da 1807 ana shigo da bindigogi 283,000 zuwa 394,000 Afirka ta Yamma a kowace shekara. Sai dai a bakin teku ake sauke su, masarautun kurmi kuma ba sa son makami ya wuce su ya faɗa hannun maƙwabci. Abin da ya tsallako arewa kaɗan ne, ko dai ta Nupe, ko kuma ta hamada daga Tarabulus a bayan raƙuma. Da Heinrich Barth ya zauna a Kano a 1851, ya lura cewa bindigogin da ke shiga kasuwa ba su da yawa, alhali ruwan takubba daga garin Solingen na Jamus ana kawo kimanin 50,000 a shekara, masu sana'ar Kano su yi musu ƙota da kube, su sayar har ƙasashen nesa. Wannan lura ta Barth ta buɗe mini ido. Tun a wancan zamani tsarin shi ne: ƙarfe na baƙo, gamawa ta ɗan gida. Bindigar zaurenmu a kan wannan turba take.

Bututu

Kakana yatsu uku ne a hannunsa na hagu. Yana saurayi, kafin gado ya kawo masa 'yar Ingila, ya sayi wata harba-ka-ruga mai araha a kasuwa don farautar rani. Ranar da ya harba ta karo na uku bututun ya tsage a tafinsa. Saboda wasan da ke tsakanin jika da kaka nakan tsokane shi da zancen, shi kuma yakan ɗaga hannun ya ce, "Kai angon kakarka, saurara. Ƙota in ta karye, masassaƙi na nan. Kunama in ta ƙi, maƙeri na nan. Bututu kuwa in ya ci amana, sai dai a kira wanzami." Duk karatun da na yi daga baya bai wuce sharhin wannan magana ba.

Birane biyu ne suka fi cika Afirka da bututun bindiga: Bamingam ta Ingila da Liyej ta Beljiyam. A duka biyun, kafin zuwan manyan injuna, da hannu ake naɗe fallen ƙarfe a haɗe bakinsa da wuta. Ingancin bututu yana ga kyan ƙarfen da kuma kyan wannan haɗi, abubuwa biyu da ido ba ya iya gani bayan an goge an shafa mai. Bututun banza da na ƙwarai duk ƙyalli ɗaya suke yi a rumfar ɗan kasuwa. Maƙeran Bamingam sun san haka sarai, har suna da rukunin ƙarfe mafi araha da suke warewa don kasuwar Afirka, kuma da yawa daga bindigogin da aka yi musayarsu da bayi a ƙarni na 18 ba a gwada su da wuta yadda ya kamata ba.

Maganin da Turawa suka samo wa kansu shi ne gidan gwaji. A can ake ɗura wa bututu abin da ya fi ƙarfin ɗurin yau da kullum, a harba shi a rufaffen ɗaki. Wanda ya fashe ya koma tarin ƙarfe, wanda ya tsira a buga masa hatimi. Liyej ta wajabta gwaji tun 1672, Bamingam kuwa sai a 1813 majalisar dokokin Ingila ta kafa mata nata gidan. Abin lura a nan shi ne, mai buga hatimin daban, maƙerin daban, kuma mai hatimin ba shi da riba a cinikin. Saboda haka baƙaƙe ukun nan da na tono da toka shaida ce ta wani wanda ba ya neman kuɗin kakan mahaifina. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Mutanen Liyej sun ɗauki wannan magana sun gina mata ɗaki, sun sa mata ma'aikata.

A nan ne maƙerinmu ya fi rauni. Ƙasar Kano ta san tama tun zamanin mazauna Dala, maƙeran baƙi kuma sun iya fitar da garma da gatari da mashi da ba su da abin kushewa. Amma dogon bututu mai kauri ɗaya daga baki har gindi yana bukatar kayan aikin da maƙerar gargajiya ba ta da su. Da zamanin mota da famfo ya zo, sai wasu suka koma ga bututun da aka yi don wani aiki daban, wanda ba a taɓa nufinsa da ɗaukar wuta ba. Irinsa ne ya ci yatsun kakana. Maƙerin da ya yi shi wataƙila gwani ne, sai dai babu wani wuri tsakanin maƙerarsa da hannun mai saye inda za a tsayar da aikin a tambaye shi. Gwajin farko a tafin mai saye ake yinsa. A fagen bututu, hatimin Liyej da na Bamingam bayan 1813 sun fi aikin gida, sun kuma fi kayan Bamingam ɗin kanta na kafin dokar.

Kunama

Gidan kunama shi ne inda dillali ya sa ido, shi ne kuma inda na fi shan mamaki. Kalmar TOWER tana nufin Hasumiyar Landan, inda a da gwamnatin Ingila ke tara makamanta tana duba su. Bayan yaƙe-yaƙen Napoleon sun ƙare a 1815, an sayar da tsofaffin bindigogin soja masu yawa, wasu suka gangaro Afirka. Da masu saye suka ga ƙarkonsu sai suka riƙa neman mai wannan suna. 'Yan kasuwa kuwa ba sa barin suna mai tsada ya kwana shi kaɗai: maƙeran Bamingam da na Liyej suka shiga buga TOWER da kambi a kan kunamun da ba su taɓa kusantar Hasumiyar ba. Kunamar gwamnati ta gaskiya tana ɗauke da baƙaƙen sunan sarki ko sarauniya a ƙarƙashin kambin, da wata 'yar alama mai kama da kan kibiya. Tamu ba ta da ko ɗaya. Farantinta siriri ne, rubutun kuma bai shiga ƙarfen sosai ba. Sunan da muka yi shekaru muna alfahari da shi kwalliyar kasuwa ce.

To amma me ya sa ta yi aiki tsawon rayuwar mutum biyu? Amsar tana cikin sifirin ɗin nan mai sawun masaba. A zamanin bindigar ƙanƙara, ko a Ingila ba inji ke yin kunama ba. A ƙananan garuruwan da ke kewaye da Bamingam, irin su Darlaston da Wednesbury, mutum ne ke zaune da magagari yana goge kowane ƙarfe har ya zauna da ɗan'uwansa. Babu kunama biyu da suka yi daidai. Ƙarfen wannan ba ya shiga gidan waccan sai an sake gyara shi. Wannan kuwa fage ne da maƙerin Hausa ya sani. Da zuga-zugi da awartaki da gawayin ƙirya, wanda ya iya ba wuƙa ruwa har ta yi kaifi ba ta karye ba, zai iya fitar da sifirin da zai tunkuɗa kunama. Sifirin Bature mai araha ya karye, na maƙerin ƙauye ya maye gurbinsa, ya kuma fi shi daɗewa.

Wannan sauƙin gyara shi ne babbar darajar bindigar ƙanƙara a wurin mutumin karkara, shi ya sa ta daɗe a hannun mafarautanmu bayan Turai ta manta da ita. Ƙanƙarar da ke ba da tartsatsi, wadda garin Brandon na Ingila ya ci gaba da fasawa yana aikowa Afirka har cikin ƙarni na 20, in ta ƙare ana iya neman madadinta. Harsashi dalma ce ko guntun ƙarfe. Babu abin da zai lalace a jikinta, ban da bututu, wanda zai sa mai ita ya jira jirgin ruwa. A fagen kunama, in aka ajiye kayan gwamnati na gaskiya gefe, hannun gida da hannun waje kunnen doki suka yi, wani lokaci ma na gida ya wuce.

Ƙota

A kan ƙota ba sai an ja zance ba. Bindigar ƙwarai a Turai da itacen da suke kira walnat ake yi mata ƙota, ta kasuwar Afirka kuwa da wani farin itace mai araha, a shafe shi da baƙin fenti ko ja don ya rufe asirinsa. Irin wannan itace bai san hunturunmu ba. Iskar rani ta busar da shi ya tsage, damina ta kumbura shi, gara kuma ta ƙarasa abin da ya rage. Masassaƙin da ya yi wa tamu sabuwar ƙota ya zaɓi maɗaci, itacen da ɗacinsa ke korar ƙwari, ya auna tsawonta da hannun mai ita, ya ɗaure wuyanta da ɗanyar fata wadda ta bushe ta kama kamar ƙarfe. Shekaru sun shuɗe, ko tsaga babu. Nan kam ɗan gida ya yi zarra, dalili kuwa shi ne ya san ƙasar da abin zai zauna, ya kuma san mutumin da zai riƙe shi.

Ranar da ma'auni ya sauya

Da a ce tarihi ya tsaya a nan, da sai mu ce an raba gardama: bututu na waje, ƙota ta gida, kunama ta kowa. Amma a tsakiyar ƙarni na 19 wani abu ya faru wanda ya rushe wannan rabo. A shekarun 1850 masana'antar gwamnatin Ingila da ke Enfield ta sayo injuna daga Amurka, ta fara fitar da sassan bindiga masu awo ɗaya, ta yadda za a wargaza bindigogi goma, a cakuɗa sassansu, a sake haɗa goma ba tare da magagari ya taɓa ko ɗaya ba. A 1861 maƙeran Bamingam suka haɗa jari suka kafa kamfanin BSA don kada a bar su a baya. Na Liyej suka yi irin haka a 1889 da kamfanin FN a Herstal. Bayan haka sai bindigogi masu cin harsashi ta gindi suka biyo juna: Snider a 1866, Martini-Henry a 1871, Gras ta Faransa a 1874, Lee-Enfield a 1895. Hiram Maxim kuma ya fito da tasa mai sarrafa kanta a 1884, wadda ke iya zubar da harsashi wajen 600 a minti guda.

Sabuwar bindiga ta fi tsohuwa nisa da saiti da sauri, amma ta zo da sharaɗi. Ba ta cin komai sai harsashin tagulla da aka yi daidai da bakinta, shi kuwa ba a fitar da shi a maƙerar ƙauye. Wanda ya mallake ta ya zama bawan wanda ke sayar masa da harsashi. Turawa sun fahimci wannan, shi ya sa yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, ta bar musu ta ƙanƙara da albarushin kasuwa. An bar mana abin da za mu iya gyarawa, an riƙe abin da zai iya cin yaƙi.

Sarakunan wannan yanki ba barci suke yi ba. A Bida, Etsu Masaba ya kame cinikin makamai da Turawan kogin Kwara. A Damagaram, Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya sa an zuba igwa a cikin Zinder, an kuma ruwaito cewa ya tara bindigogi kimanin 6,000 da igwa 40. Rabe, wanda ya ci Barno a 1893, ya riƙe masu gyaran bindiga a Dikwa. A Kano, bayin sarki ne ke riƙe da bindigogi, kuma sun yi tasiri a Basasar da ta ƙare a Maris 1895 da faɗuwar Sarki Tukur a Tafashiya, ba nisa da iyakarmu da ƙasar Katsina. A ƙarshen shekarun 1890 Damagarawa ƙarƙashin Amadu Kuran Daga suka shigo ƙasar Kano ta arewa, aka gwabza a Gezawa da Tattarawa. Ƙauyukan wannan shiyya tamu sun ji ƙarar bindiga kafin su ga Bature.

Sai dai rumbun makaman waɗannan sarakuna irin bindigar zaurenmu ne, an faɗaɗa shi: wannan ta hamada, waccan ta kogi, wata ganimar yaƙi, kowace da irin abincinta. Harsashin wata ba ya shiga wata, wadda ta lalace kuma sai ta jira maƙeri. A ranar 29 ga Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da soja ɗari bakwai da 'yan kai, igwa 4 da Maxim 4. Ya fasa Bebeji a hanya, ranar 3 ga Fabrairu kuma ya shiga Kano, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. A ƙarshen watan, a kusa da Kwatarkwashi, wata 'yar ƙungiyar da ba ta kai mutum hamsin ba ta tsaya a sahu mai kusurwa huɗu ta karya hare-haren dawakin Kano, Waziri Ahmadu ya faɗi a wurin. Sojan da ke cikin wannan sahu, da yawansu Hausawa ne. Jarumtaka ba ta ƙare wa mahayan Waziri ba, hannun maƙeran Kano kuma bai mutu ba. Abin da ke bayan sojan sahu shi ne kowane harsashi a jakarsa zai shiga bindigar na kusa da shi, kowane sashe da ya karye akwai irinsa a akwati.

Satiru ta nuna ɗaya fuskar al'amarin. A ranar 14 ga Fabrairu 1906, talakawa masu gatura da fartanya suka auka wa rundunar sojan doki kusa da Sakkwato kafin ta daidaita sahu, suka kashe Turawa uku, suka kama Maxim ɗin da ba a kai ga kafa ta ba. Bindigar da ta fi kowace tsada a ƙasar ta zama tarin ƙarfe a hannunsu, domin ba ta aiki sai da ɗamarar harsashi da ruwan sanyaya bututu da wanda aka horar. A watan Maris aka dawo aka shafe garin. Makamin zamani ba shi da daraja shi kaɗai. Darajarsa tana ga dogon jerin mutane da awo da ke tsaye a bayansa.

Abin da na kai wa Baffa

Mulkin mallaka ya bar wa talaka bindigar toka da lasin, Dokar Makamai ta 1959 ta ci gaba da wannan tsari, ta kuma hana ƙera bindiga ba da izini ba. A 1964 Nijeriya ta kafa masana'antar makamai ta DICON a Kaduna da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma, aka fara da ƙirar Beretta ta Italiya. Injin da ke fitar da awo ɗaya ya iso mana ke nan, shekara sittin da ɗaya bayan faɗuwar Kano. Ita kanta kalmar 'yan bindiga ta sauya ma'ana: a zamanin Babba Zaki masu tsaron sarki ake nufi, yau kuwa in an ambace ta a ƙauyukanmu na bakin iyaka, mata kan fara ƙirga 'ya'yansu. Wannan ya isa ya hana ni yi wa bindiga kirari. Abin da na nema a jikinta shi ne darasin ƙira, kuma darasin ya wuce bindiga. A kasuwarmu, mai sayen kan injin ban-ruwa ko bakin garmar shanu har gobe tambayarsa ita ce, "Na wace ƙasa ne?" Da wuya ka ji ya ce, "Wa ya gwada shi?" ko "In ya lalace, wa zai gyara mini a nan?" Maƙeranmu da masu walda suna da hannu, abin da ba mu gina musu ba shi ne ɗakin gwaji da hatimin da mai saye zai yarda da shi ko bai san maƙerin ba.

Da na gama, na sami Baffa da mahaifina a zaure bayan sallar la'asar, na shimfiɗa sassan a kan tabarma. Na ce, "Baffa, abin da dillali yake so shi ne mafi ƙarancin gaskiya a jikinta, suna ne na aro. Bututun nan an gwada shi, ga shaidar. Ƙotar nan ta fi wadda ta zo da ita. Wannan ɗan ƙarfen kuma, da babu sunan kowa a kansa, shi ya riƙe ta tana aiki har Kaka ya tsufa." Baffa ya ɗauki sifirin ya daɗe yana dubawa, sannan ya ambaci gidan maƙeran da yake jin daga nan ya fito, gidan da jikokinsa yanzu walda suke yi a bakin titin Katsina. Ya ce, "To, in mun ba shi farantin, wannan a ina zai zauna?"

Ba a sayar ba. Akuya biyu aka kai kasuwa aka sayi takin. Na mayar da kowane sashe mazauninsa, muka rataye ta inda take. Yaran gida har yanzu 'yar Ingila suke ce mata, ban hana su ba. Amma duk wanda ya kai munzalin tambaya, nakan sauke ta in nuna masa baƙaƙe ukun da ke gindin bututu, in buɗe masa gidan kunama ya ga sawun masaba, sannan in ba shi labarin hannun hagun kakana.